Tafiyata Maraɗi Neman Hagun Ladidi

Tun da na dawo daga Maraɗi ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Wata ta tambayi atamfa, wata ta tambayi kilishi, wata kuma ta ce ta ji an ce na dawo shiru-shiru, me na gani a can? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a waya, ga shi duk sanda na fara sai in tsallake abin da ya fi tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna a gindin darbejiyar gidanmu a Tsanyawa na rubuta shi gaba ɗaya. Ba sayayya ce ta kai ni ba. Hagun mutum na je nema.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina aiki a wani ɗakin bincike a Kano, inda ake kawo mana hotunan ƙwaƙwalwa. Na'urar da ke ɗaukar hoton tana yanka kan mutum fale-fale ba tare da ta taɓa shi ba, ni kuma in sa manhajar kwamfuta ta auna kowane lungu. Ladidi taubashiyata ce, 'yar Gwaggo Hansai ƙanwar babana. Tun tana yarinya take fama da farfaɗiya, magani kuma ya daina riƙe ta. Bara baffanta da ke zaune a Maraɗi ya kai ta, ita da Gwaggo, wani asibitin kuɗi a can aka yi mata hoton, aka ba su shi a ɗan filas na kwamfuta.

Likitarmu, Dakta Rabi, ta ce wani lokaci ciwon daga wani ɗan wuri yake tasowa, can ciki wajen saitin kunne. Kowa yana da shi biyu, dama da hagu. Idan ɗaya ya ƙanƙance, ana iya cire shi, mutum ya samu sauƙi. Ni na auna na Ladidi. Manhaja ta ce na hagu ne ya ƙanƙance. Gwajin wayoyin da ake liƙawa a ka bai nuna gefe sarai ba, don haka hoton aka fi jingina da shi, aka fara maganar tiyata a hagu.

Ana cikin haka aka sabunta mana manhajar. Na buɗe fayilolin kowa suka buɗu lafiya. Da na zo kan na Ladidi sai wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fito a ƙasa. Hoton ya buɗu, amma gargaɗin yana cewa bayanan da ke kan fayil ɗin sun saɓa wa juna game da alkibla. Kowane fayil yana ɗauke da ɗan bayani a kansa da ke gaya wa kwamfuta ina ne sama, ina ne gaba, ina ne dama. Na Ladidi bayani biyu ne, ɗaya ya ce nan ne hagu, ɗaya ya ce a'a, can ne. Tsohuwar manhajar ta zaɓi ɗaya ta yi shiru. Sabuwar ce ta ƙi yin shiru.

Na mayar da tsohuwar, gargaɗin ya ɓace, amma na riga na gan shi. Na buɗe hoton da wata manhaja daban, sai ta nuna mini ƙanƙancewar a dama. Na tambaya a dandalin masu irin aikinmu, wani ya amsa cewa kada in yarda da ko ɗaya, mai yiwuwa wajen sauya fayil ɗin daga irin na na'ura zuwa irin namu aka juya shi, in koma in nemo na asali. Ƙwaƙwalwa kuwa kamar goro ce da aka ɓare, ba ka iya duban ɓari ɗaya ka ce wannan ne na dama. Dakta Rabi ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta ce, “Asma'u, idan aka cire mai lafiyar aka bar mai ciwon, ciwon yana nan, abin da za ta riƙa tunawa da shi kuma ya tafi. A dakatar da komai.”

Abu mafi sauƙi shi ne a sake hoton a Kano. Na zo gida na tarar da Ladidi a kan tabarma tana ɗinkin hula, na gaya mata.

“Ke 'yar boko,” ta ce, “kin ɓatar da kaina ne a cikin akwatin naki?”

“Kanki yana nan. Gefensa ne ya rikice.”

“Da ma a rikice yake, ba sai kin je jami'a ba.” Ta yi dariya, sannan ta ajiye allurar. “Ma'u, ba na komawa cikin abin nan. Sun kwantar da ni, suka rufe mini fuska da keji, suka tura ni rami, kowa ya fita. Na ji takun tafiyarsu. Sai aka fara buga mini wani abu a kunne, ana tsayawa, ana sake bugawa, kamar ana jiran in amsa. Na yi ta kalmar shahada. Sau ɗaya ake shiga irin wannan wurin, ni kuma na riga na shiga nawa.”

Ban iya matsa mata ba. Ta ce ita dai burinta a bar ta ta je rijiya ita kaɗai kamar kowace mace, amma ba ta wannan ramin ba. Asibitin Maraɗi kuma lambarsu da ke jikin ambulan ɗin da aka sako filas ɗin ba ta shiga. Baba ya ce ba zan tsallaka ƙasa ni kaɗai ba, sai Gwaggo Hansai ta ɗaura ɗamara ta ce ai ita ta san hanya.

Da safe muka tsaya bakin titi muka samu bas mai zuwa Katsina. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, ya yi bango hagu da dama, gidajen ƙauye sai dai ka ga hayaƙinsu. An cusa mu kujerar baya, a ƙarƙashinta kuma akwai akuya ɗaure, wadda ta cinye mini gefen hijabi kafin mu kai Kankiya ban sani ba. Mai akuyar, wani dattijo, ya ce in yi haƙuri, ba ta saba ganin yadi mai kyau ba.

Daga Katsina zuwa Jibiya ƙaramar mota muka shiga. Ana ta hira, rediyo na yi, sai muka iso wani wuri direba ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Hirar ma ta tsaya. Mun wuce wani ƙauye da ba kowa, ƙofofi a buɗe, kabewa ta hau kan rufin masallaci ta yi 'ya'ya. Matar da ke kusa da ni tana motsa baki. Na rungume jakar kwamfutata, sai na tuna kan Ladidi ne a ciki, na ji kamar ita na rungume. Da muka fara ganin masu talla a bakin hanya direba ya kunna rediyo, aka ci gaba da hirar daga inda aka tsaya.

A kan iyaka, ɓangaren Nijar, wani jandarma dogo ya ce in buɗe kwamfutar ya gani. Da ta farka, hoton da na bari ne ya fito, kai a tsage, ƙwayar ido biyu kamar ƙwai.

“Subhanallahi,” ya ce, ya ja baya. “Kan wa ne wanga?”

“Na 'yata ne,” in ji Gwaggo.

“Allah shi jiƙan ta.”

“Kai, rufa mini asiri! Tana nan da ranta, ɗinkin hula muka baro ta tana yi.”

Ya dubi Gwaggo, ya dubi hoton. “To da wane kai take ɗinkin?” Ya rufe mini kwamfutar da yatsa ɗaya, ya ce mu tahi lahiya, Allah shi ba ta sauƙi.

Muna tsallakawa layin wayata ya ɗauke. Ƙasa ita ce, gero shi ne, Hausa ita ce, amma komai ya ɗan karkace, kamar ka shiga ɗakinku ka tarar an matsar da gado. Acaɓa a can kabu-kabu ne, makaranta lakwal, likita lokotoro. Idan mutum zai faɗa maka lambar waya sai ya bar Hausa ya koma Faransanci, ya gama ya dawo. Da muka shiga Maraɗi, mai kabu-kabun da ya ɗauke ni ya bi wani lungu, na Gwaggo ya bi wani, na sauka a ƙofar gidan baffan Ladidi ni kaɗai ba waya. Can sai ga ta tafe a ƙafa tana faɗa, wai ya kai ta gidan wani Alhaji mai suna ɗaya da wanda muke nema, har an shimfiɗa mata darduma.

Baffan Ladidi ya yi tafiya, matarsa Hajiya Mariyama ce ta sauke mu. Ta kawo fura mai ruwa-ruwa a ƙwarya, irin wadda suke sha duk yini kamar ruwa, sannan dambu da zogale, da wani burodi dogo mai ɓawo. Gwaggo ta juya shi ta ce, “Wannan burodi ne ko taɓarya?” Da yamma aka dafa shayi a 'yar buta kan gawayi. Na farko ɗaci kamar maɗaci. Gwaggo ta shanye don kunya, da aka miƙo na biyu ta ce alhamdu lillahi, ta ƙoshi. Hajiya ta ce a nan ba a tashi a kan na farko, wanda ya sha ɗacin dole ya jira zaƙin. A ɗakin da Ladidi ta kwana bara aka sa mu. Hajiya ta ce ranar da aka dawo da ita daga hoton yini ta yi a kwance a kan gadon nan, hannu biyu a kunne.

Washegari sai da rana ta take muka samu ganin mai ɗaukar hoton a asibitin, Malam Isufu, mutum siriri mai magana a hankali. A waje zafi, titi ba kowa, ko kaza ba ta motsi. Ya shigar da mu wani ɗaki mai sanyi kamar randa, ya sa muka cire 'yan kunne da fil-fil na mayafi muka bari a faranti. Ta cikin gilashi na hango na'urar, fara, da baki zagayayye. Ba kowa a cikinta, amma tana wani sauti, tsit, tsit, tsit, kamar tsuntsu a cikin rijiya.

“Ba a kashe ta?” na tambaya.

“Ba ta barci, Malama. Ran da ta yi shiru, ta mutu ke nan.”

Na yi masa bayani, na nuna masa gargaɗin. Ya gyaɗa kai, ya ce wanda yake sauya musu fayiloli a lokacin ya bar aiki. Ya duba cikin na'urar, ya daɗe, sannan ya ce na bara duk sun tafi, idan cikinta ya cika sababbi ne ke hawa kan tsofaffi. Na fara mayar da kwamfutata cikin jaka. Duk wannan hanya.

“Dakata,” ya ce. “Kawo hoton naki.” Ya yi ta gungurawa har ya tsaya kan wani ɗigo fari tas a wajen ƙoƙon kai, kusa da goshi. Na sha ganin sa, na ɗauka datti ne. “Ƙwayar man kifi ce. Muna liƙa ta da filasta kahin mutum shi shiga, don irin wagga rana. Tana haske a hoto. Kuma ni kullum a hauni nake liƙa ta.”

Gwaggo ta zabura. A wajenmu hauni shi ne mai sare kai a zamanin da. Sai da ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna muka gane a bakinsu hagu ke nan. Na duba. Ɗigon yana gefe ɗaya da wurin da ya ƙanƙance. Hagu ke nan, tsohuwar manhaja ta yi gaskiya. Har na fara hamdala.

“Wannan ɗan maganin mai ruwan zuma?” in ji Gwaggo daga bayanmu. “Ai na gyara shi.”

Muka juyo.

“Da ka liƙa ka fita, na duba na ga a hagu ka sa. Na ce wannan bawan Allah sauri yake yi. Magani a hagu? Ko ruwa ba na bari ta karɓa da hagu, balle magani a ka. Na yi bismilla na ɓare na mayar dama, na ja mata ɗankwali.”

Malam Isufu ya cire tabarau ya riƙe. “Inna, ba magani ba ne.”

“To me ye, in ba magani ba, ake liƙa wa mara lafiya?”

“Gwaggo,” na ce, “kin tabbata haka ta shiga?”

Ta ce ta dai ga Ladidi tana taɓa wurin, tana cewa mutumin ya ce kada a taɓa. Ko ta mayar, ko ba ta mayar ba, ita ba ta sani ba, don an kira ta waje. Muka ari wayar Malam Isufu muka kira gida. Ladidi ta ce ba ta tuna wata ƙwaya ba. Ta ce ranar gaba ɗaya ramin kawai take tunawa.

Tsuntsun nan na na'urar yana ta tsit, tsit. Ɗigon yana haske a kan allo, fari, ba ya nufin komai.

Malam Isufu ya ce, “Kin taɓa duba huskarta?”

Ban gane ba da farko. A aikinmu abu na farko da ake yi shi ne a sa manhaja ta cire fata da ƙashi da fuska, a bar ƙwaƙwalwa tsirara. Na daɗe ina zubar da fuskokin mutane ban taɓa kallon ko ɗaya ba. Ya ɗauki fayil ɗin ya sa a babbar kwamfutarsa, ya ce ta haɗa yankan nan duka ta nuna waje maimakon ciki.

A hankali ta fito, daga ƙeya zuwa gaba, sannan ya juyo da ita. Ladidi ce. Launin toka, ba gashi, ba gira, ido a rufe, leɓe a haɗe, kumatu sun ɗan zube baya kamar na wanda aka kwantar. Babu wuya, a iska take. Ban taɓa ganin ta cikin irin wannan natsuwa ba. Gwaggo ta yi salati ta rufe fuska da mayafi, ta ce a kashe, a kashe, wannan ba kallon mai rai ba ne.

“Inna, ki yi haƙuri ki duba,” ya ce. “Akwai abin da ke gefe guda, babu a gudan?”

Ta leƙo ta gefen mayafi. Ya juya kan a hankali. Sai ta miƙa yatsa, ba ta taɓa gilashin ba. Saman kunne ɗaya a naɗe yake, ya rasa ɗan yanki. Ta ce Ladidi tana shekarun fara talla ciwon ya kayar da ita a kan murhu. Na san da ƙunar, amma kunnen kullum a cikin ɗankwali yake, na rantse ba zan iya cewa wane gefe ne ba. Malam Isufu ya koma hoton cikin kan ya duba. Wurin da ya ƙanƙance yana gefen kunnen da ya ƙone.

“Wane kunne ne, Gwaggo?”

Ta kama nata na dama, ta saki, ta kama na hagu, ta juya jiki kamar tana fuskantar wani. “Kun ruɗa ni,” ta ce. “Ni na haife ta, kun sa ban sani ba.” Na ce kada ta damu, ba kuma za mu sake tambaya a waya ba. Na gaji da kalmomin nan biyu, dama da hagu. Da idona zan gani.

Ya ajiye mini fuskar iri biyu, ɗaya yadda bayani na farko ya ce, ɗaya yadda na biyu ya ce. Dawowa ban ga hanya ba sosai. Na dai tuna an yi ruwa bayan Caranci, direba yana goge gilashi da tsumma, Gwaggo kuma ta rungume dogon burodin da Hajiya ta ba mu tsaraba, ba ta ce uffan ba.

La'asar muka iso. Ladidi tana inda muka bar ta, hular ta kusa ƙarewa. Ban ko cire takalmi ba na durƙusa a bayanta, yadda damana zai zama damanta, na ɗaga ɗankwalin.

“Lafiya? Ƙwarƙwata kike nema?”

Na dama ne. Na dafa shi da hannuna na dama, na daɗe ban saki ba. Tsohuwar manhajar hoton a juye ta karanta. Na kira Dakta Rabi a wurin, ta ce za a sake gwajin wayoyin a bi ta kan dama, kuma in ciro duk wani fayil da ya zo mana ta irin wannan hanya.

Ladidi ta ce sai ta ga abin da ya sa uwarta ta dawo ba ta magana. Na so in hana ta, ta ce kanta ne ko nawa? Na buɗe mata su biyun gefe da gefe. Ba ta tsorata ba. Ta matso, ta daɗe tana kallo, iska tana kaɗa geron bayan katanga. Sannan ta ɗora yatsa a kan wadda aka juya, wadda ta kusa sa a yanka ta a hagu.

“Wannan ce ni,” ta ce.

“A'a, ɗayar ce ke. Wannan ta madubi ce. Ita kika saba gani.”

Ta koma kan ɗayar, ta karkata kai, ta taɓa kunnenta. “To wannan ban san ta ba.”

“Ita muka sani, mu duka. Ita za a yi wa aikin.”

Ta ɗauki allurarta, ta zura zare, idonta bai bar fuskar ba.

“Allah ya ba ta lafiya,” ta ce. “Rufe ta, Ma'u, barci take yi.”